Kakheti: Ƙasar Inabi a Gindin Duwatsun Kokasas

Yankin Kakheti yana gabashin ƙasar Jojiya, inda kwarin kogin Alazani ya shimfiɗa a gindin duwatsun Kokasas, kuma tarihinsa ba ya rabuwa da noman inabi. Mutanen yankin sun gaji sarrafa ruwan inabi a cikin kwebri, wato wata babbar randar yumɓu mai tsinin gindi wadda ake binnewa a ƙasa har wuya, a shafe cikinta da kakin zuma, sannan a zuba matsattsen inabi tare da ɓawonsa, a toshe bakinta har sanyin hunturu ya wuce. Hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin al'adun da duniya ta gada a shekarar 2013.

Yaƙe-yaƙe sun sha ɗaiɗaita yankin, musamman hare-haren Shah Abbas na Farisa tsakanin 1614 da 1617, lokacin da aka kwashe dubban mutane zuwa Iran. Duk da haka majami'ar Alaverdi, wadda aka gina a ƙarni na 11, tana nan tsaye, haka ma ganuwar garin Sighnaghi ta zamanin Sarki Erekle na Biyu.

Abincin mutanen yankin ma yana da alaƙa da gonar inabi, domin da busassun rassanta ake gasa mtsbadi, naman tsinke mai kama da tsire, yayin da ake manna burodin shoti a jikin tanderun yumɓu mai zurfi, mai gashin yana sunkuyawa ciki har kafaɗa.