Sarkin da Gwamnati ta Tsige, Jama'arsa Suka Riƙe

A shekarar 1902 gwamnatin Kanada ta tsige wani dattijo mai suna Piapot daga sarauta. Abin tambaya shi ne, wa ya ba ta ikon tsige wanda ba ita ta naɗa ba?

Piapot shugaban wata jama'a ce da ta haɗa ƙabilun Cree da Assiniboine, a yankin da yanzu ake kira Saskatchewan. Harsunan biyu ba dangin juna ba ne, amma auratayya da farautar ɓauna da fita yaƙi tare sun mai da su tsintsiya ɗaya. A wajensu shugaba ba ya tilasta wa kowa. Jarumtaka, kyauta da iya magana ke tara masa mabiya, kuma duk gidan da bai gamsu ba yana iya naɗe tantinsa ya koma wajen wani.

A 1874 aka ƙulla Yarjejeniya ta 4 tsakanin masarautar Ingila da ƙabilun yankin, Piapot kuma ya sa hannu a 1875. An yi alkawarin fili murabba'in mil ɗaya ga kowane gida mai mutum biyar, da dala 5 ga kowa duk shekara. Su a fahimtarsu zumunci aka ƙulla. Amma a 1876 majalisar Kanada ta yi dokar Indiyawa, wadda ta ba gwamnati ikon sauke shugabanninsu.

Wajen 1879 ɓauna ta ƙare a filayen Kanada, yunwa ta shigo. Piapot ya nemi a ba shi fili a tsaunukan Cypress, kusa da sauran Cree. Kwamishina Edgar Dewdney bai so su taru wuri guda, sai ya hana su tallafin abinci har suka tashi. A 1883 suka koma kusa da Indian Head, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe mutane da yawa. Piapot ya kwashe jama'arsa daga nan, ya dage har aka ba shi fili a kwarin Qu'Appelle, arewa da Regina.

Bai shiga tawayen 1885 ba, amma hakan bai cece shi ba. A 1895 aka haramta wasu sassa na bukukuwan ibadarsu. Ya ƙi bari, aka ɗaure shi, daga baya aka tsige shi. Mutanensa kuwa ba su daina ɗaukarsa shugaba ba har ya rasu a 1908. Haramcin bai fita daga dokar ba sai 1951.

Yau jama'ar na zaɓen sarki da 'yan majalisa da ƙuri'a, dokar 1876 kuma tana nan da gyare-gyare. Sunan al'ummar a hukumance shi ne Piapot, wato sunan mutumin da aka tsige.