Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Khartoum: karatu da hanyar shiga

Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Khartoum ita ce mafi daɗewa a Sudan. Ta samo asali ne daga makarantar lauyoyi ta zamanin Kwalejin Gordon, kafin jami'ar ta tsaya da ƙafarta a 1956. Hassan al-Turabi ya taɓa shugabantarta. Ana koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin ƙasa, na kasuwanci da na ƙasa da ƙasa.

Ɗan Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani da ke kusa da Sennar, ba ya neman gurbi kai tsaye daga tsangayar. Sai ya rubuta jarrabawar kammala sakandare, wato Shahada Sudaniyya, sannan ya jera zaɓinsa a ofishin ɗaukar ɗalibai na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi. Maki ne ke raba gardama, kuma mafi ƙarancin makin shiga yana sauyawa duk shekara.

Digiri kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Akwai jarrabawar Mu'adala a gaba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula lissafi: ɗaliban shekarar ba su zauna Shahada ba sai Disamban 2024.