Idan allon kwamfuta ya ƙi farkawa daga barci

Kwamfuta takan rufe allonta da kanta idan aka daɗe ba a taɓa ta ba, domin tattalin wutar lantarki. Wannan shi ake kira barci. Aikinku yana nan, amma idan kuka yi gaggawar cire wuta, duk abin da ba ku adana ba yana iya ɓacewa. Saboda haka ku bi waɗannan matakai bi da bi.

1. Ku motsa linzami ko ku danna maɓalli ɗaya, sannan ku jira daƙiƙa 10.

2. Ku dubi ƙaramar fitilar da ke jikin allon. Idan a kashe take, wuta ba ta isa gare shi ba, sai ku duba wayar wuta da makunni. Idan launin ruwan lemo ce ko tana ƙyaftawa, allon yana da wuta, hoto ne bai iso ba.

3. Ku zare wayar da ta haɗa allon da kwamfuta, ku hure ƙura, ku mayar da ita daram. Wayar VGA tana da kusoshi 2 da ake ɗaurewa.

4. A Windows 10 da 11, ku danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B a lokaci guda.

5. Idan duk wannan bai yi ba, ku riƙe makunnin kwamfutar har ta mutu, sannan ku sake kunna ta.

Gargaɗi: kada ku buɗe bayan allon. Tsofaffin alluna masu ƙaton baya suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire su daga lantarki. Ku kai wa mai gyara.