Aiki da Wasa Cikin Shekarar Mutanen Gobir: Gangara, Sabon Birni da Isa

Masu rubuta tarihin Gobir sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Kowane ɗan makaranta ya ji labarin Bawa Jan Gwarzo da Yunfa, ya kuma san an ci Alƙalawa cikin shekara ta 1808. Amma kaɗan ne su ke tambayar yadda talakan ƙasar ya ke cin shekararsa, shi da iyalinsa, watau sa'ad da ya ke duƙawa gona da sa'ad da ya ke miƙewa ya fita fili ya yi wasa. A kan wannan ne za mu yi magana. Mun ɗauki Gangara, wani gari na ƙasar Sabon Birni kusa da iyakar Nijar, da maƙwabtansa har zuwa Isa, don su zama misali. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, wasan mutanen karkara ma'auni ne ga mai tarihi, domin ba ya yiwuwa sai abu uku sun haɗu: ruwa ya sauka, rumbu ya cika, daji ya yi lafiya. Kadan ɗaya ya ɓace, sai ganga ta yi shiru.

Tudu da Fadama

Gobirawa suna faɗi cikin labarunsu na kaka da kakanni cewa sun zauna a Azbin, ƙasar duwatsu, kafin su yi ta gusowa kudu sannu sannu, su zauna a Birnin Lalle, daga baya kuma Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara ya kafa Alƙalawa cikin ƙarni na 18. Inda suka ƙare da zama babu manyan duwatsu irin na Azbin. Abin da ke akwai shi ne tudu mai jigawa da fako, sa'an nan gangare, sa'an nan fadama. Sunan Gangara kansa, ga kunnen Bahaushe, saukowa ya ke nunawa daga bisa zuwa ƙasa. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna zuwa daga kudu ta wajen Isa, Gulbin Maraɗi yana zuwa daga gabas, su ne su ke haɗuwa su zama Gulbin Rima wanda Sabon Birni ta ke bakinsa.

To, zaman iyali duka a kan wannan hawa da sauka ya ke. Da damina tudu ke ciyad da mutane, da rani fadama. Wanda ya gina gida cikin kwari yana kusa da ruwa, amma yana kusa da ambaliya. Mutanen Maraɗi sun ga haka cikin 1945, sa'ad da gulbi ya cinye tsohon garinsu aka mai da shi bisa tudu, mutanen kwarin Rima kuma sun gani cikin 2010.

Har ila yau ya kamata a tuna, mutanen nan da lissafi biyu su ke aiki. Azumi da Salla da tashe suna bin wata, saboda haka kowace shekara suna gabatowa da kamar kwana 11, su faɗo wani lokaci cikin marka, wani lokaci cikin ɗari. Amma shuka da girbi da wasannin da ke binsu, rana da ruwa su ke bi, ba su gusawa. Lissafi na biyun nan shi za mu bi.

Bazara da Damina

Da bazara a ke sassabe, a ƙone kara da saɓara, a kai taki. Zafi ya kan tsananta har mutane su bar ɗaka su kwana tsakar gida bisa tabarmi. Idon kowa yana gabas. Ran da ruwan shuka ya sauka, galibi cikin watan Yuni, gari ya kan zama kango tun da asuba: maigida da manyan 'ya'ya suna gaba da sungumi suna sara, mata da yara suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. A da can iyali a gandu su ke, watau uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da ya ke nomawa a ranakun da aka sake shi.

Damina lokacin aiki ce, kuma lokacin da tsohon hatsi ya ke ƙarewa sabo bai nuna ba. Sa'an nan mata su ke shiga daji neman tafasa da rama da yaɗiya don kwaɗo. Duk da haka Bagobiri bai rasa inda ya soka wasa cikin aikin kansa ba. Gayya ita ce misali. Mai gona ya kira samarin gari, ya dama fura, ya yi tuwo, makaɗa su zo da ganguna, 'yan mata su tsaya bakin gona suna guɗa, samari su jeru kowa da kunyarsa, ana kirari ana tsere. Wanda ya riga kai ƙarshen gona sunansa ya fita, wanda aka bari baya ya sha ba'a har kaka. Daga irin wannan fage ne manyan makaɗa suka taso. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, da kiɗan noma ya fara kafin ya zama makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Mai nazarin waƙar fada da bai san gayya ba, reshe ya kama ya bar gindi.

Kaka

Alamar farko ta sauƙi ita ce tumu. Yara su karyo ɗanyen gero su gasa bakin gona, su murje su ci, hannu da baki duk baƙi. Daga nan sai girbi, a yanke gero, a ɗaure dammuna, a kai gida bisa jakai da raƙuma, a fid da zakka, a zuba rumbu. Dawa da maiwa da wake su biyo baya. Yara su bi fara da dare, Fulani su sauko da shanu su shiga kara, su bar wa mai gona taki, matansu su kawo nono a ba su hatsi.

Sa'ad da rumbu ya cika ne a ke buɗe fage. Samari da 'yan mata su yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da fadawansa, su kwaikwayi mulkin manya, su gayyaci takwarorinsu na garuruwan kusa. 'Yan kokawa su yi ta yawo gari gari. Dambe kuwa asalinsa na mahauta ne, waɗanda su kan bi bukukuwan kaka su yi yanka da rana su yi wasa da yamma, kuma Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago da waƙa har ya game ƙasar Hausa. A hayin iyaka kokawa ta kai har gwamnatin Nijar ta mai da ita gasar ƙasa, aka fara a Tawa cikin 1975. Fulani su ma da nasu, watau sharo. Aure kuma galibi kaka a ke jira, domin sa'an nan ne a ke da abin yi.

Babban bikin manomi a da shi ne na dubu. Wanda Allah ya ba shi dami dubu sai ya tara jama'a, ya ciyar, ya yi kyauta har ya kusa karkaɗe abin da ya tara, a naɗa shi Sarkin Noma. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya yi bincike a kwarin Maraɗi, ya bayyana wannan al'ada cikin littafinsa na 1975. Abin lura a nan, girman mutum bai tsaya ga abin da ya tara ba, sai ga abin da ya rabar a bainar jama'a.

Hunturu da Rani

Da iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya sauko, sai zaman gida ya sāke. Da safe a kewaye wuta, da dare tsofaffin mata su tara jikoki su yi musu tatsuniya, in kuwa da farin wata 'yan mata su fita dandali su yi gaɗa, yara maza su yi langa. Cikin ɗari a ke yi wa yara kaciya, don miki ya fi saurin warkewa. Da rana su bazu daji cin magarya da kanya da aduwa da goruba. Maza su yi gini da baibaya da saƙar zana, masu fadama su gangara su shuka albasa da taba da alkama, suna ban ruwa da jigo. Gawo, wanda ya kaɗe ganyensa da damina, yanzu ne ya ke kore, dabbobi su sami inuwa da abinci.

Manyan wasannin rani biyu ne, farauta da su. A wajen Anna na kwarin Maraɗi da Tsibiri, ba a shiga farauta sai an yi buɗin daji, masu tsafi sun duba abin da shekara za ta kawo. Malaman jihadi sun yi wa irin waɗannan al'adu wa'azi ƙwarai, musamman yanka ga itatuwa da duwatsu da cuɗanyar maza da mata wajen rawa. Saboda haka a gefen Sakkwato tsafin ya ja baya, amma farautar ta tsaya: garuruwa da yawa su haɗu da karnuka da sanduna da gariyo, su kewaye daji, su tayad da zomo da gada da zabi. In kuma gulbi ya janye ya bar tafkuna, sai Sarkin Ruwa ya sa rana, jama'a su faɗa ruwa da homa da gora. Bikin Argungu, wanda aka mai da shi na kowace shekara tun daga 1934, ƙanen irin wannan su ne na ƙauye, ba ubansa ba.

Amma rani shi ne kuma lokacin rabuwa. Almajirai su bi malaminsu, samari su tafi cin rani don su rage wa rumbu baki, su samo kuɗin haraji da na tufafi. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda cikin 1929, ya sauƙaƙa tafiya kudu. Cikin ranin 1952 zuwa 1953 aka ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato, aka sami fiye da mutum 250,000, har da waɗanda suka ratso daga ƙasar Faransa, kamar yadda R. M. Prothero ya bayyana. Bagobirin da ya isa ƙasar Yarbawa kuwa ya kan tarad da abokan wasa, domin akwai barkwanci tsakanin kabilun nan biyu.

Wa Ke da Daji?

Yanzu sai mu komo ga sharaɗi na uku. Lokacin da ya dace da wasa shi ne ya dace da yaƙi, domin gulabe sun janye, doki yana iya wucewa, rumbunan abokan gāba kuma cike su ke. Bayan faɗuwar Alƙalawa Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke cikin 1836, sauransu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi suka ci gaba da kai hari. Isa ta zama ribaɗi a hannun zuriyar Bello. Cikin rabin ƙarshe na ƙarnin Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato. Ƙasar da mu ke magana a kanta ita ce ke tsakanin ɓangarorin nan. Clapperton cikin 1824 da Barth cikin 1853 duk sun ratsa Dajin Gundumi, kowannensu ya ba da labarin tafiyar gaggawa da ƙishirwa saboda tsoron maharan Gobir. A irin wannan zamani wasa bayan ganuwa ya ke komawa, farauta kuma ba ta da bambanci da shirin yaƙi.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato cikin 1903, aka shata iyaka da Faransa tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni ta faɗa nan. Mulkin ya zo da haraji da aikin tilas, iyakar kuma ta raba dangi. Amma hari ya tsaya, mutane suka fita daga birane suka kafa ƙauyuka da tungaye kusa da gonakinsu. Yawancin abin da tsofaffin yau su ke tunawa na kalankuwa da kokawar gari gari, na wannan zamanin buɗaɗɗen daji ne. Abin da ya kan katse shi a lokacin shi ne yunwa, kamar Kakalaba ta 1914, da farin 1973 da na 1984. Shekarar da ba dami, ba kiɗa.

Daga wajen 2019 daji ya sāke rufewa. 'Yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka tsere zuwa jihar Maraɗi, watau wajen danginsu da iyaka ta raba su. Cikin watan Mayu na 2020 aka kashe mutane da yawa a ƙauyukan Sabon Birni. Cikin Nuwamba na 2021 jaridu suka ba da labari cewa maharan sun naɗa nasu shugabanni a Gangara, suna kuma aza wa ƙauyuka kuɗi kafin su bari a yi girbi. Cikin Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu, Allah ya ji ƙansa. Inda uba ba ya iya kai ɗansa gona, ba a zancen tumu, balle kokawar dare.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Labarin sarakuna yana cikin littattafai, ba zai ɓace ba. Amma kirarin gayya, da ka'idodin su, da sunayen fagagen kokawa, da tsarin sarautun kalankuwa, a bakin tsofaffi su ke, tsofaffin nan kuwa da yawa yanzu suna zaman gudun hijira, jikokinsu suna tasowa ba su taɓa ganin abin da a ke ba su labari ba. Al'ada irin wannan da gani a ke koyonta, in yara suka yi shekara goma ba su gani ba, sarƙa ta tsinke. Saboda haka muna roƙon malaman kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu 'yan wannan yanki, kowa ya zauna da kakansa da kakarsa, ya rubuta shekarar garinsu daga shuka zuwa shuka, da sunan kowane wasa, da lokacinsa, da mai ba da izninsa, da shekarar da aka yi shi na ƙarshe. Tambayar ƙarshen nan ita ce za ta fi amfanar masu tarihi na gaba. Allah ya buɗe dajin Gobir, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.