911 Biyu: Ta Kaya da Ta Tsere



In aka ce 911 a tashar manyan motoci a Najeriya, kowa ya san ana nufin Mercedes mai gajeren hanci, wadda ta daɗe tana dakon shanu da buhunan hatsi. Lambarta lissafi ce: tan 9 na nauyi, ƙarfin doki 110. To, akwai wata 911 ɗin, ita ma 'yar birnin Stuttgart na Jamus, amma ko ɗan maraƙi ba za ta ɗauka ba. Ita ce Porsche 911, motar gudu.

Asalinta gidan Ferdinand Porsche ne, injiniyan da ya tsara Volkswagen ɗin nan mai doron kunkuru. A 1948 ɗansa Ferry ya haɗa motar gudu mai lamba 356 da kayan Volkswagen. Jikansa Ferdinand Alexander kuma shi ya jagoranci zanen magajiyarta, wadda aka nuna a Frankfurt a Satumban 1963 da lamba 901. Sai kamfanin Peugeot na Faransa, Fijo ɗinmu dai, ya ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tasa ce, kamar 404. Aka cire sifiri aka sa 1, ta zama 911.

Injinta a baya yake, silinda 6, kuma a wancan lokacin iska ce ke sanyaya shi. Ba lagireto, ba neman ruwa a hanya. Sai dai nauyin bayan nan kan juya direba a kwana in bai ƙware ba. Kamfanin ya fito da 928 mai inji a gaba a 1977 da nufin ta gaje ta. Masu saye suka ƙi sakin tsohuwar. A 1981 sabon shugaba, Peter Schutz, ya soke shirin dakatar da ita. Ita 928 ɗin ce aka daina ƙerawa a 1995.

Ta taka ƙasarmu ta Hausa ma. A tseren Faris zuwa Dakar na 1984, wanda ya ratsa Aljeriya da hamadar Nijar, an ɗaga ƙafafun 911, aka sa duk tayoyi huɗu suna ja. René Metge ya zo na ɗaya da ita, a gaban motocin jeji. A 1986 ya maimaita da ƙanwarta, 959. Mutanen Agadas sun ga ƙurarsu.

Sai a 1998 aka daina ƙera mai sanyaya inji da iska, saboda dokokin hayaƙi da ƙara. A 2017 aka ƙera ta miliyan ɗaya, siffarta na nan yadda aka san ta.

Me ya raya 911 biyun nan? Masu amfani da su sun san halinsu, makanikai sun san cikinsu, kuma gyara ake yi musu kaɗan-kaɗan ba a rushe tushe ba. Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka sayar da bijimai ka sayi mota don hanyar Ngaundere ko Garwa, kar ƙyalli ya ruɗe ka. Tambayi bakanike ko ya san injin, ka tambayi kasuwa ko akwai kayan gyara.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a garke da jari.