Mahaukacin Bargo: Tarihin Wani Ɗinki na Matan Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin gidajen adana kayan tarihi na ƙasar Amurka, inda ake ajiye barguna na ɗinkin hannu, zai iya cin karo da wani abin mamaki. Zai ga bargon auduga wanda wata mata ta ɗinka tun wajejen 1840 yana nan da ƙarfinsa, alhali kuwa an yi shekara da shekaru ana lulluɓa da shi ana wankewa. A gefensa kuma ga wani na siliki da karan-miski, wanda aka ɗinka shekara arba'in bayan wancan, ba a cika taɓa shi ba balle a wanke, amma silikinsa ya tsattsage yana zuba kamar busasshen ganye. Wannan na biyun shi ne Turawa suke kira crazy quilt, mu kuwa a wannan maƙala za mu kira shi mahaukacin bargo. Za mu bi sawunsa mu ga yadda yayinsa ya tashi, da waɗanda suka ɗinka shi, da abin da suka bari a jikinsa, da kuma dalilin da ya sa yake cin kansa a yau.

Yadda bargon yake

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san bambancin wannan bargo da sauran 'yan'uwansa. Bargon ƙyallaye na asali a Amurka hawa uku ne: ga fuska wadda aka harhaɗa da ƙyallayen da aka yanka daidai wa daida bisa awo, ga auduga ko ulu a tsakiya domin ɗumi, ga kuma shafi a baya. Sai a bi duka ukun da ƙananan ɗinki a haɗe su. Zanen da ke fuskar maimaita kansa yake yi daga wannan gefe zuwa wancan, kowace kusurwa tana daidai da 'yar'uwarta.

Mahaukacin bargo ya saɓa wa wannan tsari. Mai ɗinki takan yanko akoko murabba'i ta shimfiɗa, sa'an nan ta riƙa ɗora masa guntayen siliki da karan-miski da leshi, kowane da irin siffar da ya zo da ita, babba da ƙarami, mai kusurwa uku da mai biyar. In ta rufe akokon kaf, sai ta bi kowace mahaɗa da surfani na zare mai launi, tana sauya salon ɗinkin daga wannan mahaɗa zuwa waccan. A tsakiyar ƙyallayen kuma ta zana furanni, ko mujiya, ko gashin dawisu, ko mafici, ko saƙar gizo-gizo, wadda suka ɗauka alama ce ta sa'a. Daga ƙarshe ta haɗa murabba'an su zama bargo guda. Galibi ba a sa masa auduga a ciki, domin ba don maganin sanyi aka yi shi ba. A falo ake baza shi, bisa doguwar kujera ko bisa fiyano, inda baƙi za su gani su yaba.

Shi kansa sunan yana da fuska biyu. Kalmar crazy a yau tana nufin mahaukaci, amma a tsohon Ingilishi tushenta yana nufin abin da ya tsattsage, kamar yadda fuskar tsohon farantin tangaran take yin ƙananan tsagu ko ta ina. Duk ma'anonin biyu sun dace da shi.

Baje kolin Filadelfiya

Mafi yawan masu nazarin wannan ɗinki sukan danganta tashin yayinsa da shekarar 1876. A wannan shekara ne Amurka ta cika shekara 100 da shelar samun 'yancin kanta, aka shirya gagarumin baje koli na duniya a birnin Filadelfiya, daga 10 ga Mayu zuwa 10 ga Nuwamba. An ƙirga shigar mutane kusan miliyan 10, kuma a nan ne Alexander Graham Bell ya nuna wa jama'a wayar tarho.

Abubuwa biyu ne suka fi ɗaukar hankalin mata masu riƙe allura. Na farko kayan Japan. Ƙasar Japan ta shafe sama da shekara 200 ƙofarta a rufe ga mafi yawan baƙi, har sai da jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka isa gaɓarta a 1853, aka ƙulla yarjejeniya a 1854. Don haka mafi yawan waɗanda suka je Filadelfiya wannan ne ganinsu na farko da tangaran ɗin Japan mai tsagu a fuska, da mafitai, da labulen siliki, da zane-zanen da ba su damu da sai dama ta yi daidai da hagu ba. Mutanen da suka saba da cewa kyau shi ne daidaito, sai ga shi sun ga wani kyan a cikin karkata.

Na biyu kuwa shi ne rumfar wata makarantar surfani ta London, Royal School of Art Needlework, wadda aka kafa a 1872, Gimbiya Helena 'yar Sarauniya Biktoriya tana shugabarta. Manufar makarantar ita ce ɗaga darajar aikin allura ya hau matsayin fasaha, da kuma samar wa matan gidan mutunci da talauci ya taɓa hanyar neman abinci. Wata Ba'amurkiya mai suna Candace Wheeler ta ga aikinsu, ya shiga ranta, ta koma New York ta kafa ƙungiya mai irin wannan manufa a 1877. Daga nan sha'awar surfani ta bazu a biranen ƙasar. Harhaɗa ƙyallaye barkatai ya girmi 1876, domin matalauta sun daɗe suna yin sa don larura. Abin da baje kolin ya yi shi ne ya fito da shi daga ɗakin talaka ya shigar da shi falon mai hali.

Siliki ya yi araha

Sha'awa kaɗai ba ta isa ta tayar da yayi ba, sai da kayan aiki. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan yadin silikin da ake shigowa da shi daga Turai. Wannan ya ba masaƙun cikin gida damar bunƙasa, musamman a garin Paterson na jihar New Jersey, wanda har aka yi masa laƙabi da Birnin Siliki. Tun 1856 kuma wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya gano rinin da ake haɗawa daga sinadaran kwal, abin da ya kawo launuka masu haske a farashi mai sauƙi. Bugu da ƙari keken ɗinki, wanda Isaac Singer ya fara kasuwancin nasa a 1851, ya shiga gidaje ya rage wa mata wahalar ɗinkin tufafin iyali. Wadda take da 'yar aiki a gida ta sami lokacin zama da allura na watanni, wata ma shekaru, a kan bargo guda.

A nan ne muke son mai karatu ya lura da wani kuskure da ake yawan yi. Ganin faci a kan faci yakan sa mutum ya zaci aikin tattali ne, wato mace ta tattara tsummokaran gida don kada su tafi a banza. A zamanin da yayin ya kai ƙololuwa, wato shekarun 1880, al'amarin ya sha bamban. Kamfanonin siliki sun riƙa ƙulla guntayen yadi suna sayarwa ta gidan waya, tare da zare da takardun zane da ake kwafa a kan ƙyalle. Mujallun mata irin su Godey's Lady's Book da Harper's Bazar suna buga bayanin yadda ake yi. Har ma rashin tsarin kansa tsara shi ake yi, mace ta zauna ta yi ta jujjuya guntaye kafin ta soka allura. Jaridu kuwa suka sami abin ba'a, suna tsokanar cewa magidanci ya ɓoye ƙyallen wuyansa da shafin hularsa, in ba haka ba almakashin matan gida zai cinye su.

Abin da suka rubuta da allura

Duk da cewa kasuwa ce ta hura wutar yayin, matan sun mayar da bargon wani abu nasu na kansu. A cikin bargo guda ana iya samun guntun rigar auren mai ɗinkin, da na rigar jaririn da ya rasu, da zirin silikin da tsofaffin sojojin yaƙin basasa suke maƙalawa a ƙirji ranar taronsu na tunawa. Ana samun haruffan farko na sunayen 'yan'uwa da ƙawaye, da shekarar da aka fara aikin da wadda aka gama. Wasu sun tara ziraran siliki masu ruwan ɗorawa da ake ɗaure damin sigari da su. Wasu kuma sun ɗinka ƙyallen kamfe mai ɗauke da hoton ɗan takarar shugaban ƙasa, kamar Grover Cleveland a zaɓen 1884, alhali mafi yawansu ba su da ikon jefa ƙuri'a, domin sai a 1920 ne tsarin mulkin Amurka ya tabbatar wa mata wannan haƙƙi a faɗin ƙasar.

Mafi yawan waɗannan mata ba su wallafa littafi ba, jarida ba ta ambace su ba sai ranar aure da ranar mutuwa. Wanda yake son sanin abin da suka ƙaunata, da wanda suka yi wa makoki, da ɓangaren da suka goya wa baya a siyasa, sau da yawa ba shi da wata shaida da ta wuce bargon.

Algus a cikin siliki

To, me ya sa wannan shaida take zubewa? Amsar tana wajen masu masana'anta. Ɗanyen siliki yana zuwa da wani ƙaro a jikinsa, wanda sai an dafa an cire kafin zaren ya yi laushi da sheƙi. In an cire shi, silikin yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Da yake da awon nauyi ake cinikinsa, sai masu rini suka riƙa jiƙa shi a ruwan gishirin ƙarafa, musamman na kuza, domin ya mayar da abin da ya rasa. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne: wasu ba su tsaya a mayarwa ba, suka riƙa ƙarawa har nauyin ya zarce na asali nesa. Irin wannan yadi yana da cika ido, yana da motsi mai daɗin ji in mace tana tafiya, ga shi da araha. Amma gishirin yana cin zaren a hankali, haske da zafi suna ƙara masa sauri, har yadin ya bushe ya dinga tsagewa da kansa. Sai a shekarun 1930 hukumomin Amurka suka sa doka a kan yadda za a bayyana wa mai saye irin wannan siliki.

Masu kula da kayan tarihi ba su da maganin da zai mayar da zaren yadda yake. Iyakar abin da suke yi shi ne su rufe wurin da ya lalace da wani siririn raga, su shimfiɗa bargon a kwance cikin duhu, su rage taɓa shi. Sau da yawa za a ga surfanin yana nan daram, yana zagaye da gurbin da silikin ya zube, akokon ƙasa yana leƙowa.

Faɗuwa da dawowa

Kowane yayi da ranar wucewarsa. Tun kafin shekarun 1880 su ƙare, mujallun da suka yayata bargon suka juya suna kushe shi, suna cewa ɓata lokaci ne da rashin sanin kyau. Matan birni suka bar shi. Matan karkara kuwa suka ci gaba da yi har cikin ƙarni na 20, amma da ulu da auduga na tsofaffin tufafi, surfani kaɗan, don a lulluɓa a ji ɗumi. Da yawa daga cikin waɗannan na karkara sun fi na falon tsawon rai.

A 1971 gidan fasaha na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar yadda ake rataye zanen manyan masu zane, abin da ya sauya yadda jama'a suke kallonsu. Bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976 ya ƙara tayar da sha'awar sana'o'in kakanni. A 1984 Penny McMorris ta wallafa littafi a kan tarihin mahaukacin bargo, a 1986 kuma Judith Baker Montano ta fitar da nata mai koyar da yadda ake ɗinka shi. A 1997 aka kafa cibiyar nazarin barguna a Jami'ar Nebraska da ke Lincoln, da kyautar barguna kusan 1,000 daga Ardis da Robert James. Masu sha'awar ɗinkin a yau, a Amurka da Ostareliya da Turai, sun ƙara masa duwatsun ado da maɓallai da furannin zirin siliki. Suna da wata al'ada ta zagaye, inda kowace za ta harhaɗa murabba'inta ta aika wa ta gaba ta gidan waya, kowa ta sa nata adon, har ya komo hannun mai shi.

Kammalawa

Mun kawo wannan tarihi a mujallar marubuta ne saboda ya taɓa sana'armu. Matar da ta zauna a 1885 tana surfani ta ba da idonta da lokacinta, ta zuba tarihin gidansu a cikin aikin, kuma ba ta yi ha'inci ko a ɗinki ɗaya ba. Ha'incin a cikin yadin da ta saya yake, ita kuwa ta zaɓe shi ne don sheƙinsa da kuma don shi kowa yake yayi. Mu ma da muke harhaɗa labari daga guntayen abin da muka ji da wanda muka gani, yana da kyau kafin mu ɗora adon magana mu tsaya mu gwada ƙwarin kowane guntu: shin gaskiya ne, ko kuwa nauyin aro aka yi masa? Jikokin waccan mata sun gaji bargon, sun iske sunanta da shekarar a kusurwa, amma guntun rigar auren da ta so su gani ya riga ya zama gari.