Yadda Kuɗin Sefa Ya Haifi Ƙungiyar UEMOA

Ɗan kasuwar da ya loda masara ko mazarƙwaila daga Makarfi, Kudan ko Ikara ya nufi Maraɗi, da zarar ya wuce Jibiya lissafinsa ya koma na sefa. Da wannan kuɗin ake ciniki tun daga Maraɗi har Dakar, a ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA.

Faransa ce ta ƙirƙiro sefa a 1945, zamanin mulkin mallaka. Bayan samun 'yanci, Nijar da wasu maƙwabtanta suka ƙulla yarjejeniya a 1962 cewa za su ci gaba da amfani da kuɗi ɗaya a ƙarƙashin babban banki ɗaya, BCEAO. Sai dai a lokacin kowace ƙasa tana yanka harajinta, tana cin bashi yadda ta ga dama.

Tura ta kai bango a Janairun 1994. Ranar 10 ga wata ƙasashe bakwai suka sa hannu a Dakar kan kafa UEMOA, kuma a makon aka zaftare rabin darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Aka kafa hukumar ƙungiyar a Wagadugu, Gini Bisau kuma ta shigo a 1997.

Daga nan aka koma kan haraji. A shekarar 2000 aka tsayar da kuɗin kwastan bai-ɗaya kan kayan ƙetare, mataki huɗu, daga sifili zuwa kashi 20 cikin ɗari, aka kuma ɗauke shi daga kan kayan da mambobi suka sarrafa. Ƙasashen da wannan ya rage wa kuɗin shiga an riƙa biyansu diyya na wasu shekaru, daga wani ƙaramin haraji da ake karɓa kan kayan ƙetare. An kuma gindaya sharaɗi kada bashin ƙasa ya wuce kashi 70 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara.

Haɗin yana da ɗacinsa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, an rufe wa gwamnatin Nijar asusunta a BCEAO har zuwa Fabrairun 2024. Duk da haka, da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ba su bar UEMOA ba, ba su kuma saki sefa ba.